Injin da Gidiyon Ya Bari a Kunne

A cikin baƙar leda aka miƙo wa Tabita kayan mijinta a asibiti: agogo, walat, takalmi ƙafa ɗaya, da wayarsa wadda gilashinta ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ta sa hannu a inda aka nuna mata, ta karɓa, har ta ce an gode. Ranar Laraba ce da yamma, tsakiyar watan Mayu. Gidiyon yana dawowa daga aiki a Abuja kamar kullum, tirela ta ƙwace wa direbanta kafin a kai Madalla, ta haye tasin da yake ciki. Wanda ya yi mata bayani ya ce bai sha wahala ba. Ta gyaɗa kai kawai.

Washegari gidan hayarsu da ke Bagama ya cika. 'Yan zumuntar mata ta cocinsu sun shimfiɗa tabarmi har tsakar gida suna waƙa a hankali. Malaman firamaren da take koyarwa sun zo sun tafi. Maƙwabciyarta Sa'ida tana ta kai da kawo da ruwan leda da kujerun roba. Tabita na zaune a bakin gado, 'yarta Lidiya mai shekara bakwai ta jingina da ita. Ƙarfe biyu da rabi da 'yan mintoci sai wani abu ya yi ƙara a cikin baƙar ledar nan da ke kan durowa. Ƙara ɗaya, gajeriya, kamar an taɓa kofin gilas da cokali.

Matan suka dubi juna. Lidiya ta ɗago kai ta ce, "Injin Baba ne."

Ba inji ba ne na ƙarfe. Manhaja ce da Gidiyon ya shekara uku yana rubutawa da hannunsa a kwamfuta, amma shi "injin" yake ce mata, har gidan duka ya ɗauka. Gidiyon lissafi ya karanta, aikinsa kuma tattara alƙaluma ne a wani kamfani a Abuja, aikin da ya ce yana iya yinsa cikin barci. Injin ne abin da ke sa idonsa ya buɗe. Ya taɓa zaunar da Tabita ya yi mata bayani. Akwai wata babbar kasuwa a Amurka inda ake cinikin masara, amma ba masarar da ke cikin buhu ba, alkawarinta ake saye da sayarwa tun ba a girbe ta ba, a kan farashin wani wata mai zuwa. Injin yana zaune a wata kwamfuta da ya yi haya a ƙasar waje, yana kallon farashin ba ƙiftawa. In ya ga alamun da Gidiyon ya koya masa sai ya saya, in ya ga wasu sai ya sayar, ba sai ya tambayi kowa ba. Kasuwar can tana buɗewa ƙarfe biyu da rabi agogon nan, ta tashi bayan bakwai. Duk cinikin da ya yi sai ya turo saƙo waya.

A lokacin Tabita dariya ta yi. Ta ce, "Mu a ƙauye in ka ga mutum ya sayar da masararsa tana kore, yunwa ce ta koro shi."

Ya ce, "Waɗannan ba yunwa suke ji ba. Tsoro suke ji. Shi kuwa injin ba ya tsoro, shi ya sa na haɗa shi."

Yanzu ta miƙe ta kwance ledar ta ciro wayar. Ta cikin tsagewar gilashin ana iya karanta saƙon, layi ɗaya da Turanci: an sayi masarar watan Yuli. Ta ga cajin ya kusa ƙarewa. Ta laluba bayan gado ta jawo caja ta jona, ta koma ta zauna. Wata dattijuwa daga cocinsu ta matso ta ce a kunnenta, "'Yata, ki yi kuka. Kada ki riƙe shi a ciki." Tabita ta ce, "To, Mama." Ba riƙewa take yi ba. Ta leƙa cikin nata ta ga babu komai.

An kai gawar ƙauyensu Gidiyon can bayan Kagoro, aka yi jana'iza ranar Asabar ana yayyafi. Ta yi duk abin da aka ce ta yi. Ta tsaya inda aka tsayar da ita, ta zuba ƙasa da aka miƙo mata shebur, ta gaisa da mutanen da ba ta sani ba. Sabis ba ya kamawa a ƙauyen, wayar ta yi shiru kwana goma a ƙasan jaka. Ranar da suka kamo hanyar dawowa, motar na hawa kwalta sai saƙonnin suka shigo a jere, ɗaya na bin ɗaya, har wanda ke zaune kusa da ita ya ce, "Madam, ana nemanki." Ta ce, "Ba ni ba ce."

Ta koma aiki bayan mako uku. Tana tashi da asuba ta dafa ruwa, ta shirya Lidiya, su hau keke mai ƙafa uku zuwa makaranta, ta koyar da aji huɗu rarraba lambobi, su dawo wajen ƙarfe biyu. Abinci ba ya mata ɗaci, ba ya mata daɗi. In Sa'ida ta kawo tuwo ta ci, in ba ta kawo ba ta dafa taliya. Wayar Gidiyon tana kan teburinsa kusa da kwamfutarsa da ke rufe, kuma Tabita ba ta taɓa bari ta mutu ba. In an ɗauke wuta ta kai ta shagon mai caji a bakin layi. Ba ta tambayi kanta dalili ba. Wata rana wayar ta yi ƙara sau biyu, wata rana sau huɗu, wata rana ko sau ɗaya babu. Asabar da Lahadi ba ta yi. Tabita takan karanta saƙon ta ajiye: an saya, an sayar. Lambobin da ke biye ba ta duba su.

Ta lura da abu ɗaya dai. Da Gidiyon yana raye, ƙarar nan ba ta zuwa ita kaɗai. Tana yi zai zabura, ko yana cin abinci, ko suna tsakiyar magana, ko a wajen gwajin waƙa na coci. Ya ɗauki wayar ya tsura mata ido, ya yi tsaki, ya tashi ya zaga ɗakin, ya dawo. Wani lokaci ya shiga banɗaki da ita ya daɗe. Yanzu wayar takan yi ƙararta, sai ɗakin ya ci gaba da zama yadda yake.

A mako na biyar wani saƙo daban ya shigo, dogo, da jan rubutu a samansa. Kamfanin dillalan da Gidiyon ya buɗe asusu wurinsu ne suke cewa wa'adin masarar Yuli ya kusa, saura kwana tara, a ɗauki mataki. Washegari wani ya biyo baya daga masu kwamfutar haya: sun nemi cirar kuɗin wata a katinsa, banki ya ƙi. Tabita ta san dalili, ita da kanta ta kai wa bankin takardar shaidar mutuwa. Ta karanta saƙonnin sau biyu, ta yafa gyale, ta ƙwanƙwasa ƙofar Sa'ida.

Mijin Sa'ida, Taufiq, mutumin Zariya ne, yana aiki a wani kamfanin hannayen jari a Abuja. Shekara huɗu shi da Gidiyon suna shiga mota ɗaya safe da yamma. Ran Larabar nan taro ne ya tsayar da shi a ofis. Tun daga ranar, in ya haɗu da Tabita a tsakar gida sai ya gaishe ta idonsa a ƙasa. Ya karɓi wayar da hannu biyu ya karanta.

"Maman Lidiya, wai har yanzu abin nan yana aiki?"

"Kullum."

"Inna lillahi." Ya shafa fuska. "Wallahi ban kawo a raina ba. Ya kamata a ce ni na fara tunawa. Kin san lambar buɗe kwamfutarsa?"

"Lidiya ta sani. A nan take kallon katun."

Suka tsayar da ranar Asabar. Tabita ta kira yayan Gidiyon, Nehemiya, wanda ke da garejin gyaran manyan motoci a Lambata, don ba ta son a taɓa kayan mamaci ba wani nasa a wurin. Ya iso da hantsi, da doya uku a bayan mota, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ya girmi Gidiyon da shekara goma sha ɗaya, shi ya biya masa kuɗin jami'a, kuma tun ranar jana'iza muryarsa ba ta dawo daidai ba.

Aka jawo teburin zuwa falo. Taufiq ya zauna gaban kwamfutar, Nehemiya ya tsaya a bayansa, Tabita ta zauna a hannun kujera. Sa'ida ta ja Lidiya zuwa ɗakinta.

Nehemiya ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya. Abin nan ba caca ba ce?"

Taufiq ya ce, "Ciniki ne, hukuma ta san da shi. Mu ma a ofis yanzu yawancin saye da sayarwa na'ura ke yi, mu sai dai kallo. Ni dai ban taɓa sa nawa a irin wannan ba, malamanmu suna da magana a kan sayar da abin da bai zo hannunka ba. Mun sha musu da marigayi a mota a kan haka." Ya yi ɗan murmushi, ya kuma haɗiye shi.

Ya yi musu bayanin jan saƙon. Kowace kwangilar masara tana da watanta. In wa'adi ya zo, wanda ke riƙe da ita ko ya sayar ya koma ta wani watan, ko kuma a ƙa'ida ya shirya karɓar masarar kanta a wani rumbu a Amurka. Dillalan ba sa bari a kai nan, su za su sayar da ƙarfi a duk farashin da suka samu. Wannan sauyin ne kaɗai Gidiyon bai koya wa injin ba, da hannu yake yi in lokaci ya zo.

Daga nan ya buɗe jerin cinikin tun daga farko, layi-layi, ɗaruruwa. Yana gangarawa yana bayani, sai maganarsa ta fara raguwa. Ya koma sama, ya sake gangarowa.

Tabita ta ce, "Mene ne, Malam Taufiq?"

"Babu komai. Lafiya lau."

"Ka faɗa. Ba abin da zai same ni."

Ya dube ta, karo na farko cikin mako biyar, ya ga da gaske take. Ya nuna allon da biro. Yawancin layukan ba su da alama, waɗannan injin ne ya yi da kansa. Amma nan da can akwai masu harafin G a gefe. Waɗannan Gidiyon ne ya tsallake injin ya yi da hannu, daga wayarsa. Farashi ya faɗi kaɗan, ya tsorata ya sayar tun injin bai ce a sayar ba. Farashi ya hau, ya ruga ya ƙara saye. Taufiq ya ce, yana zaɓen kalmomi, kusan duk abin da injin ya tara a shekara biyu, layukan G ne suka zubar da shi. Daga tsakiyar Mayu zuwa yau babu G ko ɗaya, kuma asusun bai taɓa yin kyau irin na waɗannan makonni ba.

Nehemiya ya ja kujera ya zauna.

Tabita ta ce, "Wato ya fi yin kyau da ba ya nan."

"Ba haka nake nufi ba, Maman Lidiya."

"Na sani. Amma haka ne."

Akwai wani shafi da Gidiyon yake rubuta wa kansa, Turanci da Hausa a gauraye, kowane layi da kwanan wata. Taufiq ya so ya wuce shi, ta ce ya tsaya. Ta matso ta karanta da kanta. Na sake sa hannu yau. Injin ya yi daidai, ni ne ban da haƙuri. A wani wurin: Daga yau ba zan taɓa ba. Bayan kwana shida: Na taɓa. Can ƙasa: Kada in gaya wa Tabi tukuna, sai na gyara. Ta karanta wannan layin kamar yadda take karanta littafin ɗan aji, ta ga har ya manta bai sa aya ba. Ba wanda yake ce mata Tabi sai shi.

Ta ce, "Nuna mini G na ƙarshe."

Taufiq ya gangara. Laraba, ƙarfe shida da minti huɗu na yamma. Farashi ya ɗan zame, Gidiyon ya sayar da duk abin da ke hannun injin. Takardar 'yan sanda ta ce haɗarin ya faru wajen shida da minti goma. Tabita ta sha tunanin abin da yake yi a mintocin nan, ko barci, ko hira da direba, ko yana shirin kiranta ya ce ta ɗora ruwan wanka. Ashe kansa na sunkuye a kan waya a kujerar baya, yana kallon farashin masara.

Ta ce, "Bayan ya sayar, ya ci gaba da faɗuwa?"

Taufiq ya duba. "A'a. Ya hau kafin a tashi."

Ta ce, "To."

Nehemiya ya fita tsakar gida, aka ji yana fyace hanci a bakin famfo. Da ya dawo idonsa ja wur, amma ya zo da shawara.

"Matarmu, ki saurare ni. Yaron nan ya sha wahala a kan abin nan, ga shi sai yanzu ya fara haihuwa. A kashe shi don me? Malam ya sauya masa watan, ni zan riƙa biyan hayar kwamfutar. A bar shi ya yi wa Lidiya aiki. Ko ba komai uban ne ya bar mata."

Taufiq ya girgiza kai. "Yallaɓai, ba zai yiwu ba. Asusun da sunan marigayi yake. Doka ta ce a sanar da dillalan, su rufe, sai an kawo takardar gado daga kotu. In na sa hannu na ci gaba da juya shi da sunansa, laifi ne, har aikina zan iya rasawa. Sannan mako biyar ba ya nuna komai a kasuwar nan. Fari ake tsoro a can, shi ya sa farashi ke hawa. A yi ruwa gobe, ya juyo. Injin bai san Gidiyon ya rasu ba, bai san akwai Lidiya ba. Ranar da zai yi ɓarna ba wanda zai tsayar da shi."

Nehemiya ya ce, "Ai ka ce mai tsayarwar ne matsalar."

Su biyun suka juya suna kallon Tabita. Ta san suna jiran ta ce wani abu mai nauyi, ta nema ba ta samu ba.

"Yaya, na ji. Malam Taufiq, na ji. Yau ai ba kasuwa. A bar shi zuwa Litinin."

Ranar Litinin da suka dawo daga makaranta ta ba Lidiya abinci ta tura ta wurin Sa'ida. Ta buɗe kwamfutar yadda Taufiq ya nuna mata, ta zauna a kujerar Gidiyon, wadda ƙafarta ɗaya ke ɗingishi sai an sa kwali. Ba ta taɓa zama ta kalli abin ba. Biyu da rabi na cika lambobin suka fara motsi. Wani siririn layi yana hawa yana sauka, a gefe kuma lamba ɗaya mai launin kore, wadda ke nuna yadda masarar da injin ke riƙe da ita take. Wajen uku da kwata layin ya fara gangarowa. Koren ya ragu, ya ragu, ya koma ja. Jan ya fara girma.

Injin bai yi komai ba. A ƙasan allon akwai wurin da yake rubuta abin da yake ciki, duk minti biyar layi ɗaya, kuma layin bai sauya ba: ana jira.

Ta gane cewa daidai nan ne Gidiyon yake miƙewa ya zaga ɗaki. Ga maɓallin a kusurwa, babba, an rubuta a sayar da duka. Ta dube shi, ta dubi jan lambar, ta saurari ƙirjinta ko za ta ji abin da yake ji. Zuciyarta na bugawa yadda ta saba. A waje mai gwanjo yana wucewa yana kira, wani yana ta fama da janareto ya ƙi tashi. Ta zauna hannuwanta a cinya har awa biyu. Wajen biyar da rabi layin ya juya ya fara hawa, jan ya ragu ya koma kore kaɗan. Ba ta ji daɗi ba, kamar yadda ɗazu ba ta ji tsoro ba. Ƙishirwa kawai ta ji, ta tashi ta sha ruwa.

Taufiq ya dawo shida da rabi, ko jakarsa bai ajiye ba ya yi sallama, Sa'ida na biye da shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Maman Lidiya, me kika yanke?"

"A kashe."

"Kin gaya wa yayan nasa?"

"Na kira shi da rana. Ya ce ransa bai so ba, amma ni ce a gidan."

Ya ce abu biyu za a yi, kuma gara ita ta yi da hannunta. Da farko a sayar da abin da ke hannu, sannan a tsayar da injin don kada ya sake saye. Ta danna babban maɓallin. Allon ya tambaya ko ta tabbata, ta danna e. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, Sa'ida ta ɗan zabura. A jerin cinikin sabon layi ya fito a ƙasa, da harafin G a gefensa, don injin bai san wani hannu ba sai wannan. Taufiq ya gani ya kawar da kai. Ya karanto mata kalmar da za ta rubuta a baƙin akwatin da ke ƙasa, harafi-harafi, ta rubuta ta danna. Layin da ke cewa ana jira bai sake fitowa ba. Suka tsaya minti biyar cur don su tabbatar.

Taufiq ya ce, "Shi ke nan."

Sa'ida ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi. Tabita ta tashi ta dafa kafaɗarta tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri," har ta lafa. Sannan ta tambaye ta ko tana da ragowar attaruhu, don nata ya ƙare.

Sauran aikin na takardu ne, kuma ya ci wata bakwai. Taufiq ya rubuta wa dillalan, suka amsa da ta'aziyya layi biyu da jerin abubuwan da suke buƙata. Nehemiya ya rufe gareji sau uku ya zo ya raka ta kotu, bai sake ta da maganar injin ba, sai rana ɗaya a mota da ya ce ya ji a rediyo masara ta faɗi a duniya, ya ce wataƙila Malam ya yi gaskiya. Abin da ya fito a ƙarshe bai kai yadda Nehemiya ya zata ba, bai kuma yi ƙanƙantar da Tabita ta zata ba. Aka sa shi a asusu da sunan Lidiya.

A zuwansu kotu na biyu ne magatakarda ta ce hoton da Tabita ta kawo ya tsufa, sai sabo, guda huɗu, mai farin bango. Ta bar Nehemiya a benci ta tsallaka titi zuwa wani ɗan shagon hoto kusa da masu sayar da katin waya. Mai hoton, wani dattijo mai tabarau a goshi, ya zaunar da ita a kan kujera marar baya, ya ja farin ƙyalle a bayanta.

"Madam, ɗago haɓa kaɗan. Yawwa. Saki fuska mana, ba faɗa ake ba."

Ta yi ƙoƙari. Ya ɗauka, ya duba, ya ce a sake. Ya sake ɗauka, ya duba, ya ɗaga kafaɗa. Bayan minti goma ya yanka hotunan da almakashi ya zuba mata a 'yar ambulan. Ta ciro ɗaya ta duba a bakin shagon. Matar da ke ciki ta rame a wuya, ɗankwalinta ya ɗan karkace hagu, tana kallon gaba. Tabita ta ga ba laifi, zai yi wa kotu. Ta mayar da shi cikin ambulan, ta tsaya a bakin titi tana jiran keke biyu da wata motar yashi su wuce kafin ta tsallaka.